Zane na Bakwai

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar na buɗe ƙofar gidan tarihinmu na Pirlinya, na ƙirga fuskokin da ke jikin bango, na sami sha ɗaya. Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen. Tsakanin ta shida da ta takwas babu komai sai ƙusa biyu.

Ban shiga ba. Jiya da yamma muka shimfiɗa jan yashi a ƙasan ɗakin don matan da ke cikin zanukan su dawo su tarar da ƙasarsu, aka bi shi da manjagara har ya kwanta sumul. Yanzu ga sawun takalmi ya ratsa shi, shiga da fita. Na ja ƙofar na kulle, na jefa makullin cikin rigata.

Zanuka sha biyu ne, na fensir da gawayi. A shekarar 1961 wata Baturiya ta zo ta zaunar da matan garinmu ɗaya bayan ɗaya a kan kujerar mishan, kowacce da rigar zuwa coci, hannuwa a kan cinya, ta zana su ta tafi da su. Ni na gano su a cikin durowar ƙarfe, a ƙasan wani babban gidan tarihi na birni, lokacin ina ɗaliba. Kafin nan na yi shekara shida a makarantar kwana inda ni kaɗai ce baƙa a aji, ina cin abinci ni kaɗai a ƙarshen teburi, kuma ban taɓa bari an ga hawayena ba. Saboda haka da suka ce ba za su ba mu aron zanukan ba, ban ji komai ba. Suka ce ba mu da na'urar sanyaya ɗaki, muka saka. Suka ce ba mu da ƙwararre, na koma na ƙaro karatu na dawo na ce ga ni. Shekara huɗu ina rubuta musu wasiƙa kafin su gaji. A ƙasan takardar aron suna ɗaya ne: Valma Napaljarri.

Kuma na yi komai yadda ya kamata, ko haka na zata. Na zauna da tsofaffin mata na karanta musu sunayen da ke cikin jerin, don kada mu rataye fuskar wadda ta rasu kwanan nan, domin a al'adarmu ba a kallon hoton sabon mamaci, ba a kiran sunansa. Duk waɗanda aka ambata sun daɗe da tafiya, an saki sunayensu tuntuni. Ta bakwai kaɗai ce ba ta da suna. Takardarta cewa ta yi: yarinya daga arewa, ba a san ko wace ce ba. Ita ce aka ɗauke.

*

Dakta Rourke, wadda ta rako zanukan daga birni, ta leƙa ta taga, fuskarta ta yi fari fat.

"Valma, kin san abin da takardar ta ce."

"Ni na rubuta rabinta, Dakta."

"Ƙarfe biyu za a buɗe. Idan biyu ta yi bai dawo ba, zan kira 'yan sanda, in mayar da sauran sha ɗayan cikin akwatunansu. Ba son raina ba ne." Ta juyo ta dube ni. "Makulli nawa ne?"

"Uku. Nawa, na Kawu Ambrose mai kula da gidan, sai wanda ke rataye a ofishin majalisar gari."

"Wa ke aiki a ofishin?"

Ta riga ta sani. Ƙanena Darcy ne, wanda ya fito daga kurkuku wata biyar da suka wuce, kuma ko tari ya yi da ƙarfi komawa zai yi.

Kafin takwas gari ya ɗauka. Matan da suka zo da jar ƙasa da farar ƙasa don rawar buɗewa suka zazzauna a gindin bishiya, rabi suna cewa Baturen nan ne mai sayen zane da ya kafa motarsa a bakin rafi, rabi suna kallona suna sauke murya. Babu wadda ta kawo sunan Kawu Ambrose. Dattijon coci ne, shekara ashirin makullai suna hannunsa, kuma wata biyu ke nan da rasa matarsa, Gwaggo, wadda har yanzu ba ma kiran sunanta. Tun sassafe ma ya tafi da mota gonar kiwon shanu ɗauko naman jelar kangaru da itacen girkin biki.

Na tafi na ɗauko Kaka.

*

Kakata Napangardi ta wuce tamanin. Ba ta iya zura zare a allura, ba ta ganin abin da ke cikin waya, amma ta taɓa bin sawun wani yaro da ya ɓata kwana uku a kan duwatsu har ta samo shi da rai, bayan jirgin sama ya gaji ya koma. Na same ta tana tonon burodi daga cikin toka.

"Ga 'yar boko," in ji ta. "Takarda ta ƙare, an tuna da tsohuwa."

"Kaka, tashi. In an kwashe su yau ba za su sake dawowa ba."

"Kin taka yashin?"

"Ban taka ba."

"To, ashe ba duka aka wanke miki kai ba."

A bakin ƙofar ta durƙusa, ta sa na kashe fitila na buɗe tagar gabas ta waje don haske ya kwanta a kan yashin. Ta daɗe. Ta dubi manjagarar da ke jingine a bayan ƙofa, ta sake duban ƙasa.

"Takalmin majalisa ne," na ce. "Duk ma'aikata shi suke sawa, har Baturen nan na ga ya sayi irinsa a kanti."

"Na gode, malama, da ba ki faɗa ba ai ban sani ba. Wace ce a waccan?" Ta nuna ta uku da leɓe.

"Tsohuwa Minnie Nakamarra."

"Uhm." Ta miƙa min hannu na ɗaga ta. "Mu je mu gaishe da baƙo."

*

Mista Gledhill, Baturen mai sayen zane, yana zaune a gaban motarsa mai ɗaki, yana shan kofi. Ranar Alhamis ya tare ni yana cewa asarar zanuka irin waɗannan ce a ajiye su inda ba mai gani. Na ce masa mu muna da ido.

Kaka ba ta ko kalle shi ba. Ta zagaya motar, ta tsaya a wajen tayoyi, ta bi ƙasa da sandarta.

"Me take nema?" ya tambaye ni.

"Ladabi. Ta ji an ce ka zo da shi."

A kujerar baya na hango wani abu mai faɗi naɗe da bargo. Na buɗe ƙofar ban nemi izini ba, na yaye bargon. Zanukan ɗigo-ɗigo ne guda biyar na tsofaffin matanmu, waɗanda ya saya ta bayan idon cibiyarmu ta masu zane, ko bushewa ba su gama yi ba.

"Wannan kasuwanci ne na halal," ya ce.

"Za mu yi maganarsa ranar Litinin."

Kaka ta ja ni gefe. "Ba shi ba ne. Dubi tururuwa sun yi hanya a kan sawun tayarsa tun jiya. Shi kansa sau ɗaya ya sauko, ya je bayan waccan bishiyar ya dawo da gudu, ƙila tsoron maciji. Kuma mutumin nan diddige yake dokawa kamar ƙasar ta ubansa ce. Wanda ya shiga ɗakinki lallaɓa ta yake yi."

Raina bai so ba. Na so a ce shi ne.

*

Darcy muka samu a kanti yana sayen burodi. Na dubi ƙafarsa: takalmin majalisa, jan yashi har idon sawu.

"Yaya, kada ki dube ni haka. Wa ya loda miki yashin jiya? Ni ne ko aljani?"

"Makullin ofis fa?"

Ya sosa ƙeya. "Na ɗauka jiya da rana, na fito da kujeru, na mayar. Tambayi kowa."

"Kowa ya riga ya yanke maka hukunci, Darcy."

"Har ke?"

Ban amsa ba, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan. Yana shirin ƙara magana sai ƙofar kantin ta buɗe. Kafin in waiga Darcy ya juya ya manna fuskarsa da kantar gwangwanaye, ya bi ta da gefe kamar ƙaguwa har ya fice ta ƙofar baya, burodin a hammata. Surukarsa ce ta shigo sayen sukari. Ita ma ta ja mayafi ta kawar da kai, ta jira har ya ɓace.

Mai kanti ta yi dariya. "Wata rana sai ya rushe min kanta saboda kunya."

Kaka ba ta yi dariya ba. Kallona kawai take yi.

"Me?" na ce.

"Ba komai. Ina jiran digirin ya yi aiki."

*

Muka koma. Ta sa na shimfiɗa katako a gefen bango, muka bi ta kai ba tare da mun taɓa yashin ba.

"Karanta min," in ji ta. "Da ƙarfi, kamar a makaranta."

"Ya shigo ta ƙofa. Ya bi bangon hagu, kusa da zanukan. Ya wuce ta ɗaya, ya wuce ta biyu." Na tsaya. Daga nan sawun ya bar bango, ya yi baka har tsakiyar ɗaki, sannan ya dawo jikin bango a wajen ta biyar. A cikin bakan nan takalman ba gaba suke kallo ba. Tsininsu yana fuskantar taga, taku a jere gefe da gefe.

"Ya kauce wa wani abu," na ce.

"Me ke ƙasa a wurin?"

"Babu komai."

"To ɗaga kanki."

Tsohuwa Minnie Nakamarra tana zaune a cikin gilashinta, baki a tsuke, tana kallon daidai wurin da sawun ya juya baya. A dawowa ma haka ya yi, ga kaya a hannu, ga zagaye. Na tuna Darcy da kantar gwangwanaye. Surukar Darcy tana kanti tana sayen sukari. Minnie kuwa 'ya ɗaya ta haifa, namiji ɗaya ne a duniya zai juya wa fuskarta baya ko da a takarda ce.

"Kaka, tun ɗazu kin sani."

"Tun daga bakin ƙofa. Abin da ban sani ba shi ne dalili. Mutum ya ga manjagara a gabansa bai share sawunsa ba, wannan bai ɗauki kansa ɓarawo ba. Faɗa min kamannin yarinyar da aka ɗauke."

"'Yar sha shida ce ko sha bakwai. Doguwar wuya. Ta ɗaga haɓa kamar ba ta son zaman. Akwai ɗan tabo da ya raba girarta ta hagu."

Kaka ta rufe fuskarta da hannu. Ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro wanda ban taɓa ji daga gare ta ba sai a wurin makoki.

"Ni na jefe ta da gwangwani," ta ce. "A kan 'yar tsana."

Gwaggo ce, matar Kawu Ambrose. Ni da tabarau na san ta, mai kauri, wanda ya rufe girar. Shekara huɗu ina kallon zanen nan, har ina da hotonsa a bangon ɗakina a birni, ban taɓa ganin ta a ciki ba. Takarda ta ce daga arewa take, na yarda da takarda. Sai kuma na tuna jiya da yamma. Kawu yana jan manjagara, ya tsaya ya jingina, ya ce, "'Yata, akwai magana." Ni kuma waya a kunne, na ɗaga masa hannu na ce, "Kawu, gobe, don Allah. Kuma kada kowa ya taɓa komai, doka ce."

*

Ƙarfe ɗaya da rabi motar Kawu Ambrose ta shigo da itace. Ya tarar da kowa a barandar gidan tarihin: Dakta Rourke da waya a hannu, Gledhill yana fifita da hula, Darcy tsaye can gefe shi kaɗai, mata a zazzaune. Ya sauko a hankali, ya cire hularsa.

"Saura minti talatin," in ji Dakta.

Wata daga cikin matan ta ce, "Darcy, in kai ne ka fito da shi, ka rufa wa yayarka asiri."

Kawu ya dubi Darcy, ya dubi matar. "Ku bar yaron nan. Ni ne."

Kowa ya juyo gare shi.

"Kai?" in ji Dakta. "Don me? Ina yake? Wani ne ya sa ka?" Ta saci kallon Gledhill.

Kawu ya tsaya a miƙe, hula a ƙirji, idonsa a kan duwatsu. Na gane ba zai ce komai ba ko da za a sa masa ankwa. In zai yi bayani, sai ya ambaci mata biyu, kuma dukansu sun fi ƙarfin harshensa.

"Malam Ambrose, in ba ka yi magana ba dole in kira su."

"Ajiye wayar, Dakta," na ce. "Ni zan yi maganar, tunda ni na yi laifin."

Na buɗe ƙofar na nuna musu sawun daga bakin dokin ƙofa, yadda ya bi bango, yadda ya yi baka a gaban ta uku. Matan ba su buƙaci ƙarin bayani ba. Na ji numfashinsu ya sauya tun kafin in gama. Dakta kaɗai na yi wa dalla-dalla.

"Ta uku surukarsa ce. Ta bakwai 'yarta ce, matarsa, wadda muka binne wata biyu da suka wuce. Da ƙarfe biyu ta yi an buɗe ƙofar nan, da 'yan'uwanta da 'ya'yanta sun shigo da rawa sun yi karo da fuskarta. Ni na rataye ta. Ya zo ya gaya min, na ce masa gobe."

Can baya wata ta fara kuka ƙasa-ƙasa, wasu suka kama. Kaka ta matsa kusa da Kawu, ta dafa hannunsa. A lissafin dangi ɗanta ne, ko da yake shekara goma kawai ta ba shi.

"Ɗana, ina ka kwantar da ita?"

Ya nuna ɗakin ajiya da leɓe, can ƙarshen baranda, inda siminti ba ya riƙe sawu.

Ni da Dakta muka shiga. Akwatunan katako sha biyu suna jere yadda muka bar su, shi ya sa ban ko yi tunanin buɗe su ba. Na bakwai an ɗaure ƙusoshinsa duka takwas. A ciki zanen yana kwance rub da ciki, an naɗe shi da farar takardarsa, kowace kusurwa da matashinta. A saman akwatin ga farar safar hannu an ninke ta biyu. Dakta ta duba bayan firam ɗin da gefunansa, ta daɗe tana dubawa.

"Ko ma'aikatana ba sa ɗaure shi haka," ta ce.

Za ta juya shi, na ɗora hannuna a kai. "Ba a nan ba."

Ta dube ni. "Valma, takardar ta ce a nuna sha biyu, kuma ba mai motsa su sai da izinina. In na rubuta abin da ya faru, za su ce a dawo da su."

"Rubuta. Ki rubuta cewa sama da shekara hamsin tana durowarku ba ku san ko wace ce ba, mu kwana biyu ta yi a nan aka gane ta. Ki rubuta cewa dattijon da ya sauke ta ya sa safar hannu. In suna son wanda za su hukunta, sunana yana ƙasan takardar, sun san inda nake. Amma ba za ta hau bango yau ba, kuma ba za ta hau mota ba. In kuma kwashe su za ki yi, ga mata can a baranda, ki fita ki faɗa musu da bakinki."

Ta saurari kukan da ke shigowa ta ƙofa. Sannan ta mayar da murfin akwatin da kanta, ta zaro ƙaramin littafinta.

"To aƙalla ba ni sunanta, in gyara rajista."

"Ki dawo nan da shekara biyu. In danginta sun sake shi, Kawu ne zai fara ji, sannan ke."

*

Ba mu buɗe ƙarfe biyu ba, sai huɗu, bayan mata sun yi kukansu sun wanke fuska sun shafa farar ƙasa. Na je na tsaya gaban Darcy na ce ya yafe min. Ya ce sai na saya masa wani burodin, nasa ya faɗi a bayan kanti. Sannan na je gaban Kawu. Shi ya ce, "Gobe ta yi, 'yata," ya miƙo min manjagara.

Na share duk sawun da ke ɗakin, har da bakan nan na gaban Minnie, ko da yake hannuna bai so ba. Ƙusoshin biyu na bar su yadda suke. Na cire tsohuwar takardar bayanin da ke ƙarƙashinsu, na rubuta wata da hannuna, da harshenmu a sama, Turanci a ƙasa: Wannan 'yar garin nan ce. Tana da suna, kuma mun san shi.

Kaka ce ta fara shiga. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su, tana yi wa wasu tsiya a kan rigunansu. Da ta zo wajen ƙusoshin ta sa na karanta mata takardar, sau biyu.

"Shekara nawa kika yi a makaranta?" ta ce.

"Goma sha tara, Kaka."

"To, yau dai kin rubuta abu."